Ruwa ba ya tsami banza: abin da ke kashe kifi da tsirrai a tankin gilashi

Duk wanda ya ajiye tankin gilashi na kifin ado a falonsa, ranar da ya wayi gari ya ga kifi ɗaya ya juya ciki sama, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne cuta, abin da yake fara nema kuma magani. Sai ya koma wurin wanda ya sayar masa, a miƙo masa wani shuɗin ruwa a 'yar kwalba, ya zo ya tsiyaya. Bayan kwana uku wani kifin ya bi na farko. A mafi yawan lokuta babu wata cuta a tankin tun asali. Ruwan ne ya lalace, maganin kuma ya zo ya ƙarasa shi.

Tarwada ce ta sa muke yi wa kifi kallon mai taurin rai. Mun saba ganin ta a baho a bakin kasuwa, cikin ruwan da ko bayanta bai rufe ba, ta yini tana mutsu-mutsu. Tana iya haka ne saboda tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye daga sama. Gaiwa ma ta fi ta, huhu gare ta, tana iya shafe rani cikin busasshen laka. Kifayen ado ba su samu wannan gatan ba, in ka cire 'yan kaɗan irin su beta da gurami. Duk iskar da za su shaƙa, da duk ƙazantar da za su fitar, a cikin wannan lita 40 ko 60 ɗin take, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya daga ciki. Ruwa zai iya zama garau kamar na kwalba alhali guba ne.

Saboda haka kafin a taɓa magani, a fara duba yadda mutuwar ta zo. Lokaci guda suka mutu ko ɗaya bayan ɗaya? Tankin kwana nawa gare shi? Me aka yi a ɗakin ko a tankin cikin kwana biyun da suka wuce? Amsar waɗannan ta fi gawar kifin ba da labari.

Idan da daddare lafiya lau suke, da safe aka tarar rabinsu ko dukkansu sun mutu, to a cire cuta daga lissafi. Cuta ba ta cika irin wannan gaggawar ba. Abu biyu ne ke yin haka: guba daga waje, ko ƙarewar iskar oksijin. A gidajenmu babban wanda ake zargi shi ne maganin sauro. Na feshi da na kunnawa yawancinsu sinadaran dangin fairetiroyid ne a ciki, waɗanda ke kashe kifi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ƙasa da miligiram ɗaya a lita nesa ba kusa ba. Fiya-fiya da ake yayyafawa a lungunan ɗaki ita ma guba ce ga kifi. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne famfon iskan tankin: aikinsa ke nan ya zuƙi iskar ɗaki ya tura cikin ruwa, to duk abin da aka fesa shi ma ya tura. In dole sai an yi feshi, a kashe famfon, a lulluɓe tankin da jiƙaƙƙen tawul, sai ɗakin ya sha iska sosai a buɗe. Bayan maganin sauro sai sabulu da man shafawa a hannun mai tsoma hannu, da bokitin wanki da aka ara don canjin ruwa, da jarkar mai ruwa da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba. Tankin kifi yana buƙatar bokitinsa da tiyonsa da sosonsa na kansa, waɗanda omo bai taɓa gani ba.

Ƙarancin oksijin kuwa yana da alamarsa. Kifaye za su taru a saman ruwa suna haki, manya ne za su riga ƙanana mutuwa, kuma yawanci da asuba abin ke faruwa. Dalilin asubar shi ne tsirrai da gansakuka da rana kaɗai suke samar da oksijin, da dare su ma shaƙa suke yi kamar kowa. Zafi yana ƙara dagula lamarin ta fuska biyu. Ruwa mai digiri 20 a ma'aunin Salshiyos yana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, mai digiri 30 kusan 7.5, mai digiri 35 kuwa ko 7 ba ya cikawa. A lokaci guda jikin kifi yana ninka buƙatarsa kusan sau biyu duk lokacin da zafi ya hau da digiri 10. Wanda ya san Afrilu a Sakkwato ko Kano ko Yamai, inda zafin rana ke kai digiri 40, ya san ruwan da ke ɗaki mai rufin kwano zai iya haura 32. A haɗa wannan da ɗauke wuta cikin dare, famfon iska da na'urar tace ruwa, wato matata, duk su tsaya, an gama haɗa gawa. Oksijin ta saman ruwa take shiga, kuma motsin saman ne ke shigar da ita, ba kumfar kanta ba. Ɗan famfon iska mai aiki da batir ko fawa-banki, a ganina, ya fi duk wani kayan ado da mutum zai saya wa tankinsa amfani a ƙasar nan. In babu shi, ɗibar ruwan da kofi ana kwararawa daga sama duk bayan ɗan lokaci yana tsallakar da su. Don rage zafi kuma a buɗe murfin, a juya fanka tana kaɗa saman ruwan. A busasshiyar iskar bazara wannan kaɗai yana sauke digiri biyu zuwa uku. Ƙanƙara a rufaffiyar roba tana taimakawa, amma kada a zuba ta tsirara, kada kuma a sauke zafin da garaje.

Mutuwar da ta fi yawa ba ta dare ɗaya ba ce. Ita ce ta sabon tanki: an cika shi yau, an zuba kifi goma gobe, mako na farko komai daidai, daga mako na biyu zuwa na huɗu suna tafiya ɗai-ɗai. Nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin da ke gudana, domin wanda ya gane wannan ya gane rabin kiwon.

Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawanta ta mashaƙarsa, wato jajayen zaruruwan da ke ƙarƙashin marfin gefen kansa. Ragowar abinci da kashi da ruɓaɓɓen ganye su ma amoniya suke komawa. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita. A tanki babu mai kwashe ta sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke manne a jikin soson matata da tsakuwa. Kashi na farko suna mayar da amoniya naitirayit, kashi na biyu su mayar da naitirayit naitiret, wanda shi gubarsa kaɗan ce, kuma canjin ruwa da tsirrai ke rage shi. Tun wajejen 1890 masanin nan ɗan Rasha Sergei Winogradsky ya gano irin waɗannan ƙwayoyi a cikin ƙasa, kuma a 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa a tankin ruwan daɗi dangin Nitrospira ne ke aikin kashi na biyu. Matsalarsu ɗaya: rashin sauri. Suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da zai iya da ƙazantar tanki. Kafin nan, kifin yana iyo ne cikin abin da ya fitar.

Amoniya tana ƙona mashaƙa. Za ka ga kifin ya tsuke fukafukansa, mashaƙarsa ta yi jawur, ya daina cin abinci, ya laɓe a ƙasa ko ya yi ta haki. Amma ƙarfin gubarta ya danganta da ma'aunin tsamin ruwa, wato pH (gwargwadon saukarsa, gwargwadon tsamin ruwan), kuma wannan ne ke rikita mutane, domin tankuna biyu za su nuna adadi ɗaya a gwaji, ɗaya kifi na mutuwa, ɗaya lafiya. A pH 7 da digiri 25, abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na amoniyar ba ne ke cikin sigar da ke kisa. A pH 8 ya haura kashi 5, kusan ninki goma ke nan. In ruwan ya kai digiri 30 ya wuce kashi 7. Wanda ruwan unguwarsu mai gartsi ne, pH ɗinsa na sama, ga zafi, ba shi da sararin kuskuren da wani yake da shi.

Naitirayit kuwa ta jini yake bi. Yana shiga ta mashaƙa ya ɓata sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Abin ya yi kama da wanda ya kwana da janareta a rufaffen ɗaki: iska na nan, jinin ne ya kasa ɗauka. Shi ya sa za ka ga kumfa na tashi sosai amma kifi na haki, mai tanki ya ƙara famfo na biyu a banza. A nan gishiri yana da amfani na gaskiya, domin sinadarin kulorayid da ke cikinsa yana tare ƙofar da naitirayit ke shiga. Ba a buƙatar da yawa: ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita 50 ya isa, kuma yawancin tsirrai suna jure wannan.

Ba a gane waɗannan da ido ko da hanci. Sai da kayan gwaji, na ɗigawa ya fi na 'yar takarda inganci. Abin da ake so a gani: amoniya sifili, naitirayit sifili, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita. In ɗaya daga cikin biyun farko ya nuna, a canja rabin ruwan nan take da ruwan da zafinsa ya yi daidai da na tanki, a maimaita gobe da jibi har ya sauka, a dakatar da abinci kwana biyu. Lafiyayyen babban kifi yana yin mako bai ci ba, bai kuma mutu ba. Wanda ƙoshi ya kashe ya fi wanda yunwa ta kashe yawa, musamman a gidan da kowane yaro da kowane baƙo ke son ya ga yadda suke cafke abinci. Abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, shi ne ƙa'ida. Hanya mafi sauri ta samar wa sabon tanki waɗannan bakteriya ita ce a samo tsohon soso daga lafiyayyen tankin wani, a sa shi cikin matatarka yana jiƙe.

Akwai kuma masu mayar da tsohon tanki sabo da hannunsu, kuma yawanci masu tsafta ne. Duk ƙarshen wata sai su kwashe kifin su zuba a roba, su wanke tsakuwa da gilashi fes, su dirje soson matata a bakin famfo har ya yi fari, ko su jefar da shi su sa sabo. Wannan dattin ruwan ƙasa da ke jikin soson shi ne ke raya kifin. Matse shi ake yi sau biyu ko uku cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin, a mayar. Canjin da ya dace shi ne kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, ana zuƙo dattin cikin tsakuwa da tiyo, kifin na ciki. In kuma wuta ta daɗe ba ta dawo ba, matatar da take rufaffiya takan ƙare da iska cikin 'yan sa'o'i, ruwan cikinta ya yi ɗoyi. A zubar da shi kafin a kunna, kada ta amayar da shi cikin tanki.

Ruwan da ake zubawa shi ma abin tuhuma ne, kuma kowane iri da halinsa. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda ke kashe kifi da bakteriyar matata baki ɗaya. Kulorin zalla yana fita in ruwan ya kwana a buɗe, amma inda ake amfani da kuloramin, wato haɗin kulorin da amoniya, kwana ba ya fitar da shi, sai da ɗigon maganin da ake sayarwa don haka. Lokacin ɓarkewar kwalara akan zuba kulorin a rijiyoyi da tankunan gida, wanda alheri ne ga mutane, ajali ne ga kifi in ba a sani ba. Ruwan rijiyar burtsatse yana fitowa kusan babu oksijin, cike da iskar kabon, wato irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, wani lokaci da ƙarfe a narke, kuma pH ɗinsa yana hawa bayan ya sha iska. A tara shi a bokiti da famfon iska ya kwana kafin a gwada shi ko a zuba. Rijiyar da ke kusa da shadda ko gonar da ake zuba wa takin zamani tana iya zuwa da naitiret nata, har ya wuce miligiram 50 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha. Mai irin wannan rijiyar zai yi ta canja ruwa gwaji na nuna masa abu ɗaya. Ruwan sama da wasu ruwan leda kuma sun yi laushi da yawa, ba su da ma'adanan da ke riƙe pH wuri ɗaya. Ruwan baƙin tankin roba da ke saman rufi da azahar kuwa, a sa hannu a ji kafin a yi gangancin zubawa.

Wata mutuwar da ke ɗaure kai ita ce wadda ke biyo bayan canjin ruwa a tankin da ya daɗe ba a taɓa shi ba. Mai shi wata shida yana cikawa kawai in ya ga ruwan ya ragu, abin da ke faruwa da sauri a hunturu. Ruwa zalla ne ke tashi sama, ma'adanai da naitiret suna nan suna taruwa. Aikin bakteriya kansa yana cinye abin da ke riƙe pH, har ya faɗi ƙasa da 6, inda su kansu suke raguwa da aiki. Amoniya ta taru, amma tsamin ruwan ya ɗaure ta, tsofaffin kifin kuma sun saba a hankali. Ranar da ya yi zuciya ya canja kusan duka, pH ya yi sama, amoniyar da ta rage ta kwance, jikin kifin ma ya kasa ɗaukar sauyin. Sai ya ɗauka canjin ruwa ne ke kisa, ya rantse ba zai ƙara ba. Irin wannan tankin da kashi 10 cikin 100 ake fara gyara shi, duk bayan kwana biyu. Alamar farko ta wannan hali ita ce tsofaffin kifi suna lafiya amma duk sabon da aka kawo ba ya mako.

Sai an wanke ruwa daga zargi ake maganar cuta, kuma ita ma tana da lokutanta: bayan an kawo sabon kifi, ko bayan daren sanyi. A Disamba da Janairu ruwan ƙaramin tanki yana iya faɗuwa ƙasa da digiri 20 kafin asuba, a Jos ma abin ya fi haka, alhali yawancin kifin ado 24 zuwa 27 suke so. Kwana kaɗan bayan haka sai ka ga fararen ɗigo ƙanana sun fito a jiki da fukafukai, kifin yana goga jikinsa da dutse. Ƙwayar Ichthyophthirius ke nan, wadda aka sani tun 1876. Magani ba ya taɓa ta muddin tana cikin fatar kifi. Sai ta cika ta faɗo ƙasa, ta rarrabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito neman sabon kifi, a wannan ɗan tsakanin kaɗai ake samun su. A digiri 25 zagayen yana ɗaukar kusan mako, shi ya sa wanda ya daina magani ranar da ɗigon suka ɓace zai sake ganin su. A ci gaba na wasu kwanaki bayan sun ɓace. Ƙara zafin ruwa yana gaggauta zagayen, kuma shawarar da aka fi bayarwa ke nan, amma a tabbata abin da ake gani. In farin abin ba ɗigo ba ne, shafe ne kamar auduga a baki ko a gadon baya, da alama bakteriyar Flavobacterium columnare ce, ita kuma zafi ƙarfi yake ƙara mata, tana iya share tanki cikin kwana biyu. Kifin da cikinsa ya kumbura ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye, gaɓoɓinsa na ciki sun riga sun gaza, da wuya ya tashi.

Ni ban ga hikimar warware kafson mutane ko maganin kaji a juye cikin tanki ba. Ba a san cutar ba, ba a san awon ba, kuma abin da ya fi saurin mutuwa shi ne bakteriyar matata, sai a wayi gari da cuta da amoniya tare. Shuɗin maganin nan ma yana yi musu illa. Roba mai lita 20 da famfon iska ta isa zama asibiti, kuma a cikinta ya kamata sabon kifi ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa. Kifin da ya sha doguwar tafiya daga Legas cikin leda, a ɗora ledar a kan ruwa minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita, a cire shi da raga, ruwan ledar a zubar. Mai ciwo a hannu kuma ya sa safar roba, domin akwai ƙwayar Mycobacterium marinum da ke kama fatar mutum daga ruwan tanki.

Wani kifin kuma tun a shago aka yanke masa hukunci. Kifin zinariya, wanda Sinawa suka fara kiwo sama da shekara dubu, na ruwan sanyi ne, yana kai santimita 20 ko fiye, yana shekara goma zuwa sama, kuma ƙazantarsa ta fi ta kowa. A ƙaramar kwalba ba matata, a zafin Maiduguri, bai da inda za shi. Niyon tetira daga kogunan Amazon ruwa mai laushi yake so, kuma ba ya son zafi ya wuce 26. Gupi da moli da filati su suka fi dacewa da ruwa mai gartsi.

Tsirrai nasu lissafin daban ne, kuma abin farko da za a tambaya shi ne ko tsiron na ruwa ne ma. Ana sayar da tsirran tudu a matsayin na tanki saboda suna da kyau kuma suna ɗaukar makonni kafin su ruɓe. Dracaena sanderiana, mai kama da ɗan gora da ake sawa a kwalba a ofis, yana rayuwa in saiwarsa ce kawai a ruwa, in aka nutsar da ganyen sai ya mutu. Duk tsiron da ganyensa ke da ratsin fari ko ja mai sheƙi, kuma yake tsayawa ƙyam in an fito da shi daga ruwa, a yi masa kallon tuhuma, ko da yake Anubias ma yana tsayawa haka kuma shi na gaske ne.

Na gasken ma sukan zubar da ganye a makonnin farko. Gonakin da ke samar da su a waje da ruwa suke rainon yawancinsu, saiwa a jiƙe ganye a iska, saboda sun fi saurin girma a haka. In aka nutsar da su, tsohon ganyen bai dace da sabon wurin ba, sai ya narke, sabo ya fito da wata siffa. Dangin Cryptocoryne sun yi suna a wannan: za su narke ƙurmus, mai tanki ya tuge ya zubar, alhali da ya bar saiwar mako uku da ta tofo. A taɓa gindin, in da tauri da farar saiwa, a yanke ruɓaɓɓen ganyen a ƙyale shi. Anubias kuwa, wanda asalinsa rafukan dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru, da shi da tsiron da ake kira Java fern, binnewa ce ke kashe su. Kaurin jijiyar da ganye ke fitowa daga jikinta ba ta shiga ƙasa. Ɗaure ta ake yi da zare a jikin dutse ko itace.

Wanda ya wuce waɗannan matakan amma yana ƙanjamewa, abu ɗaya cikin uku ya rasa: haske, iskar kabon, ko abinci. Ka'idar da Carl Sprengel ya fara bayyanawa a 1828, Justus von Liebig ya yaɗa ta, ita ce tsiro yana girma ne gwargwadon abin da ya fi ƙaranci a wurinsa, ba abin da ya fi yawa ba. A tankin gida abin da ya fi ƙaranci kusan kullum iskar kabon ce. Tankin da ba a tura masa ita bai wuce miligiram 2 zuwa 3 a lita ba, masu tura ta da tukunyar gas kuwa kusan 30 suke nema. Hotunan tankunan da ke shimfiɗe da koriyar ciyawa da jajayen tsirrai da ake gani a intanet, da gas aka yi yawancinsu. Wanda ya sayi irin waɗannan tsirran ba gas, ya ga suna mutuwa, ya ƙara fitila, ya bar ta awa 14, tsiron ba zai iya amfani da ƙarin hasken ba, gansakuka ce za ta amfana ta lulluɓe ganyen ta ƙarasa shi. Awa 6 zuwa 8 a rana, a lokaci ɗaya kullum, kuma tankin ya nisanci tagar da rana ke bugowa. Kwan fitila na ado mai raunin haske ba ya ciyar da tsiro yadda ya kamata.

Ganyen da kansa yana faɗin abin da ya rasa, in an lura da wanne ne ya fara lalacewa. Tsiro yana iya kwashe naitirojin da fosfaras da fotashiyam da maganiziyam daga tsohon ganye ya kai wa sabo, saboda haka rashinsu a tsofaffin ganye yake bayyana: rawaya baki ɗaya naitirojin ne, ƙananan huji-huji masu rawayan baki fotashiyam ne. Ƙarfe da kalsiyam ba sa ƙaura, don haka in sabon ganye ne ya fito fari-fari ko a murɗe, wajensu za a duba. Tsirrai masu babbar saiwa irin su takobin Amazon ta ƙasa suke ci, kuma farar tsakuwar ado ba ta da komai, sai an cusa musu ƙwayar taki a gindi. Takin gona kuwa, NPK ko yuriya, kada ya kusanci tankin da ke da kifi, domin amoniya yake sakewa. Huji mai yage-yage ba yunwa ba ce, baki ne: kifin zinariya da manyan filako, kifin nan mai tsotsar gilashi, da wasu dodon koɗi suna cin ganye. Zafi ma yana da hannu, da yawa daga cikin tsirran da ake shigowa da su suna narkewa in ruwa ya daɗe sama da digiri 30.

Abin mamaki, tsirran da suka fi jure yanayinmu a bayan gari suke. Bado, wanda ake sayar da wani nau'insa mai jan ganye da tsada a shagunan Turai, na tafkunanmu ne. Kainuwa kuma, da yake ganyenta a sama yake, iskar kabon ba ta yanke mata, tana zuƙe amoniya da naitiret da sauri, tana kuma rage hasken da gansakuka ke samu. Sai dai a wanke ta, a ajiye ta a roba daban na mako biyu saboda ƙwari da ƙwan dodon koɗi, a riƙa rage ta kada ta rufe fiye da rabin saman ruwan ta toshe hanyar oksijin, kuma ba ta son murfin da ke ɗigo mata ruwa a ka.

Inda kifi da tsirrai ke mutuwa tare, yawanci ɗaya ne ya jawo wa ɗayan. Tsirran da suka narke aka bari a ciki suna ruɓewa, su ci oksijin su saki amoniya, kifi ya biya. Ko kuma kifi ya kamu da farin ɗigo, aka zuba gishiri giram 2 ko 3 a kowace lita, ko magani mai tagulla a ciki, kifin ya warke, bayan mako tsirrai suka zube, dodon koɗi suka mutu a cikin tsakuwa inda ba a gani, amoniya ta sake tashi. A irin wannan hali a fara da tsame duk gawa da ruɓaɓɓen ganye, a ƙirga kifin a tabbata babu wanda ya maƙale a bayan dutse, a canja rabin ruwan, a sa gawayin musamman na matata ya zuƙe ragowar maganin, a gwada ruwan kwana uku a jere. Kada a sayi sabon kifi ko sabon tsiro sai amoniya da naitirayit sun yi mako biyu cur suna nuna sifili.